Tukunyar da Goggo Fes Ba Ta Wanke Ba

Ba da sunan Goggo Fes aka haife ta ba, amma ko maigidanta sai ya ɗan yi tunani kafin ya tuno na yanka. 'Ya'yan yayarta ne suka laƙaba mata tun suna ƙanana, domin duk wanda ya shiga hannunta da safe sai ya fito fes, kunne ja, ido ja, yana rantsuwa ba zai ƙara kwana a gidanta ba. Gajeriya ce mai jiki, mai saurin tafiya da saurin magana. In ta zo gaishe ka, bakinta na amsa lafiya lau, idonta na can saman ƙofarka, inda tsintsiya ba ta kaiwa.

Sai kuma Allah da ikonsa ya haɗa ta aure da bakanike. Mutum ne mai sanyin hali, wanda baƙin mai ya riga ya zama ɗan uwansa. Maƙwabta sun saba ganinsa da yamma a kan benci a ƙofar gida, daga shi sai singileti, ga bokitinsa ga sabulunsa, yana ƙwaƙule farce da tsinke kafin a ba shi izinin shiga gidan da ya gina da guminsa. Bai taɓa yin fushi ba. In abin ya ishe shi, iyakarsa ya ce mata ranki ya daɗe, ya ƙara ɗebo ruwa.

Masu dariya suna yi ne don ba su san inda abin ya samo asali ba. Goggo 'yar mutanen dutse ce, wata ƙaramar al'umma da kakanninsu suka zauna a kan dutsen da ke bayan gari, kafin su sauko neman ruwa da makaranta su cakuɗe da jama'a. Tana ajin farko, in an jera yara ana duba farce, sauran hannu kawai suke miƙawa a wuce. Ita kuwa sai malama ta juya mata wuya, ta leƙa bayan kunne, ta ce ku na kan dutse sai an duba ku da kyau. Yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta kuma kai ƙara gida ba. Ta dai ƙudura a ranta cewa babu mahaluƙin da zai sake samun abin nunawa a jikinta, ko a ɗakinta, ko a kan wani nata.

Da wannan zuciyar ta yi aikin goge-goge a asibiti har ta yi ritaya. Ɗakin haihuwa ne ɓangarenta. Likitoci sun zo sun tafi, wasu ko sunanta ba su sani ba, amma sun san in ƙasa na ƙyalli ba a taka ta sai ta bushe, ko kai wane ne. Ta yi alfahari da wannan aiki, kuma ta cancanta.

Ba ta daɗe da zama a gida ba maganar dutse ta taso. Wani kamfani ne ya samu izinin fasa shi ya yi tsakuwa. Dattawan mutanen dutse suka kai kuka, suka ce a can kufan kakanninsu yake. Lauyan kamfani ya tsaya gaban kwamitin da hukuma ta naɗa ya ce waɗannan mutane baƙi ne, jiya-jiya suka zo suka raɓe a gindin dutse, in suna da shaidar da ta wuce tatsuniyar tsofaffi su kawo. Kwamiti ya ba su zuwa ƙarshen damina. In babu shaida, a sa nakiya.

Ƙanen mahaifiyar Goggo, wanda kowa ke kira Kawu, shi ya yi ta zirga-zirga da sandarsa har ya samo musu wata mai binciken tarihin da ke binne a ƙasa. Dakta ake ce mata, siririya, ba ta wuce sa'ar 'yar Goggo ta fari ba, kullum cikin hular rana da takalmi mai ƙura. Ta hau dutse da ma'aikatanta, suka ja igiya, suka yi ta kankare ƙasa da ɗan cokalin magina a hankali, har Goggo da ta je kallo ta ce da irin wannan nawa sai jikokinsu su ƙarasa. Amma abubuwa suka yi ta fitowa: duwatsun niƙa, duwatsun murhu, tsakiyar ado, da tsingaro buhu-buhu. Aka ari wani tsohon ɗakin taro mai dogayen tebura aka jibge su, aka nemi matan da za su riƙa wanke tsingaron. Ba a ma yi shawarar wadda za ta shugabance su ba.

Rabon Goggo da farin ciki irin wannan tun tana asibiti. Robar ruwa, buroshin goge baki, a wanke a hankali, a shanya a kan buhu, Dakta ta bi tana sa wa kowane lamba. Wata safiya Goggo ta goge wani ɓallin tukunya, sai ga zane ya bayyana a kafaɗarsa, sawun igiya a jere, da ɗige-ɗige a ƙarƙashi. Hannunta ya tsaya cak. Irin zanen da ke jikin randar kakarta ne, wadda har yau tana nan a ɗakin yayarta. Ta kira matan suka kewaye ta, wata ta ce ai tasu ma haka take, wata ta fara share hawaye da bakin zane. Dakta ta ce wannan zanen shi ne rabin shaidarsu, domin ya nuna masu tukwanen su ne kakannin masu randunan. Sauran rabin shi ne a san shekarunsu.

A ƙarshen ɗakin akwai wani tebur da ban. A kansa Dakta take ajiye waɗanda suka fito baƙi ƙirin, da ƙanzo manne a cikinsu, wasu ɓalli, wasu kusan tukunya sukutum. Ta ce kada kowa ya taɓa su, ita za ta yi su da kanta. Goggo ta ce to. A ranta kuwa ta ce yarinyar nan akwai tarbiyya, tana jin nauyin ta sa iyayenta kankarar ƙanzo, shi ya sa ta ware wa kanta masu wuyar. Kullum in ta wuce teburin sai ta kawar da kai, don ganinsa na sosa mata rai.

Sai ya zamana Dakta ta yi tafiya ta kwana biyu don karɓo takardar izinin aika kaya ɗakin gwaji. Tana juya baya saƙo ya zo cewa 'yan kwamiti za su leƙo su ga abin da aka samu, har da lauyan kamfani. Goggo ta tsaya gaban baƙin teburin nan, hannu a ƙugu. Ta hango manyan mutane da manyan riguna suna leƙa tukwanen kakanninta, ta hango lauya yana taɓe baki. Ga zane mai kyau a jiki, amma gawayi ya rufe shi. A ce mutanen da suka iya wannan ado a nuna su ga baƙi da tukunya ba wanki? Ba tana raye ba.

Ta tara matan. Babu wadda ta yi musu, don duk abin da ke ranta shi ke ransu. Aka ajiye buroshin goge baki aka ɗauko soson ƙarfe da garin sabulu, aka dafa ruwa. Suka yini suna kankara suna waƙa. Kafin la'asar tukwanen nan sun fito jajaye, zane ya fito raɗau, aka jera su a kan farin ƙyalle da Goggo ta kawo daga gida.

Ɗaya ce kawai ta gagara shiga layi. Ƙaramar tukunya ce mai ɓallen baki, wadda ta ƙone ƙurmus, ƙanzon cikinta ya kai kaurin yatsa. Goggo ta juya ta, ta yi tsaki. Wannan ko an wanke ta ba za ta rufa wa kowa asiri ba, kowa ya gani ya san mai ita ta ɗora girki ta tafi yawonta. Ta naɗe ta a tsohon buhu, ta tura ta can ƙuryar ɗakin tsintsiya, inda ba mai shiga sai ita.

'Yan kwamiti suka zo, suka yaba, suka ɗauki hoto suka tafi. Goggo ta koma gida tana tafiya kamar ba ta taka ƙasa, har ta bar bakanike ya shigo da takalmi.

Washegari Dakta ta dawo. Ta shigo da sallama da fara'arta, ta doshi teburin ƙarshe, ta tsaya. Ta ɗauki tukunya ɗaya ta leƙa, ta sunsuna, ta ajiye. Ta ɗauki ta biyu. Daga nan sai ta sulale ta zauna a ƙasa, ta cire hular rana ta rufe fuska da ita. Matan suka yi cirko-cirko. Kawu, da ya zo jin labarin tafiyarta, ya dogara sanda yana kallon wannan yana kallon waccan.

Da ta samu ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi yi wa Goggo ciwo. Ta ce ƙanzon nan ragowar abincin da aka dafa ne, kuma duk abin da ya taɓa rai, tsiro ko dabba, akwai na'urar da ke iya faɗin tun yaushe ya mutu. Gawayin da ke cikin ƙasa ba abin dogaro ba ne a kan wannan dutsen, ruwan sama ya cakuɗa na jiya da na da, lauya zai ce na mafarauta ne ko na wasu can. Amma ƙanzon da ke manne a cikin tukunya mai zanensu, babu mai raba shi da su. Shi za ta aika. Shi ne shaidar.

"Goggo, laifina ne," in ji ta. "Na ce kada a taɓa, ban ce don me ba."

Kawu bai yarda da wannan sassauci ba. Ya juyo ya dubi 'yar yayarsa, ya ce abin da kamfani ya kasa yi da lauya da kuɗi, ita ta yi musu shi kyauta da soso. Ya ce tarihin da ya jure ruwa da rana tun kafin a haifi kakan kakansa, ta zubar da shi a kwata a yini ɗaya. Tunda take, babu wanda ya taɓa yi mata faɗa a kan aiki. Ta dubi hannayenta, waɗanda sabulun jiya ya sa suka yi fari, ta ji ta tsane su.

Can ta ce, da wata ƙaramar murya da ba a san ta da ita ba, "Dakta, wadda ta fi kowacce muni fa? Za ta yi?"

Ba ta jira amsa ba. Ta shiga ɗakin tsintsiya ta fito rungume da buhu. Dole ta faɗi gaskiya a gaban kowa, cewa ɓoye ta ta yi don kunya, don kada baƙi su ce kakarsu ba ta iya girki ba. Wata daga cikin matan ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki. Dakta ta sa safar hannu ta warware buhun a hankali, ta daɗe tana kallo. Zanen igiyar na nan a kafaɗa, ana ganinsa ta ƙarƙashin baƙin. Ta tambaya ko ruwa ya taɓa ta, ko sabulu, ko kananzir. Goggo ta rantse ko yawu bai taɓa ta ba. Dakta ta ce to, sai dai a gwada. Tukunya ɗaya ce, in gwajin ya ƙi, babu ta biyu.

Da aka zo ɗibar ƙanzon, sai Dakta ta miƙa wa Goggo 'yar askar, ta nuna mata gurbin. Goggo ta kankaro abin da bai kai ƙwayar wake ba, ya faɗa a takarda mai ƙyalli, aka naɗe. Ba ta taɓa kankarar tukunya ta tsaya tun ba ta ga ƙasanta ba sai ran nan.

Jiran ya yi tsawo. Damina ta yi nisa, motocin kamfani suka fara zuwa suna auna gindin dutse suna kafa turaku. Labari kuwa ya gama unguwa. Ba wanda ya tare ta da shi, amma in ta shiga gidan suna ko na gaisuwa, hira takan tsaya ta canja hanya. Ta rame. Bakanike ne ya fara gane abin ya yi tsanani, ranar da ya shafa saman rediyo ya ga ƙura a yatsansa. Bai tsokane ta ba. Ya zauna kusa da ita ya ce shi a sana'arsa, in aka kawo mota tana ciwo, ba ya bari a wanke injin sai ya duba, don inda mai ya zuba nan ciwon yake, amma shi ma sai da ya wanke na mutane da yawa kafin ya koya. Ta ce masa mota ai ana sayen wata. Ya tashi ya ɗauko tsumma ya goge rediyon da kansa.

Wata rana da hantsi tana tsinke ganye a tsakar gida waya ta yi ƙara. Dakta ce. Ta ce sakamako ya fito, abincin da ya ƙone a tukunyar nan ya haura shekara ɗari bakwai. Goggo ta sa ta ta maimaita. Garin da ke ƙasan dutsen, da kasuwarsa da asibitinsa da makarantar da aka juya mata wuya, ko rabin haka bai kai ba. Ta ajiye wayar a kan tabarma ta yi kuka mai isarta, sannan ta yafa mayafi ta nufi gidan Kawu, ko ƙofa ba ta rufe ba.

Ranar zaman kwamiti zauren ya cika, mutanen dutse har a tagogi. Lauyan kamfani ya ce bai yarda da gwaji ɗaya ba, sai an sake ɗiba a gabansa an aika wani wurin da su za su zaɓa. Dakta ta ce ta yarda, akwai saura a ciki. Shugaban kwamiti ya ce a kawo tukunyar ya gani. Masinjan ofis ya buɗe kwalin, ya ga abu baƙi zai hau teburin mai girma, sai ya zaro hankici daga aljihu, ya ɗan jiƙa shi da ruwan gorar da ke gefe. Bawan Allah, shi ma ladabi yake nufi.

Babu wanda ya ga lokacin da Goggo ta bar kujerarta. An dai ga ta riƙe wuyan hannunsa gam.

"Ɗana, mayar da shi aljihu," ta ce. "Na riga ka yin wannan, ya ishe mu."

Ta sa safar hannu ta ɗauki tukunyar da kanta ta kai gaban shugaba. Ya leƙa, ya yi murmushi, ya ce lallai wannan kakar tasu ta yi sake da girki. Zauren ya yi dariya. Goggo ta gyara tsayuwa ta ce, ranka ya daɗe, mace ba ta barin tukunya a wuta haka kawai, ko yaro ne ya faɗi, ko naƙuda ce ta kama maƙwabciya, ta san irinsu, ta yi aiki a ɗakin haihuwa. Ta ce koma mene ne ya kira ta, sun gode da ta tafi.

Gwaji na biyu ya dawo da abin da na farko ya faɗa. Kwamiti ya yanke cewa kamfani ya tumɓuke turakunsa ya nemi wani dutsen, kufai kuma ya shiga cikin wuraren da doka ta hana taɓawa. Kawu bai iya ba da haƙuri ba, bai taɓa iyawa ba. Abin da ya yi shi ne, da aka zo maganar wanda zai riƙe mabuɗin ɗakin taron, wanda aka mayar ɗakin ajiye kayan tarihinsu, ya ce a ba 'yar yayarsa, don duk duniya babu wanda ya fi ta sanin abin da ba a yi wa tukunya.

Har yau ita ke riƙe da shi. Takan share ƙasa, ta goge gilashi, ta kori gizo-gizo, amma duk sabon abin da aka sauko da shi daga dutse sai ya kwana da ƙasarsa har Dakta ta gani. Matan da ke taya ta sun ce tsananinta ma ya fi na da.

Ranar da za a jera kaya, Dakta ta tsara a sa jajayen tukwanen nan masu kyau a gaba, ƙonanniyar kuma a akwatin gilashi a can ciki, inda haske bai yi yawa ba. Goggo ta ce a'a. Ta sa aka jawo akwatin har gaban ƙofa. Aka zaunar da tukunyar a tsaye, ta duba, ta ce haka ba a ganin komai sai gefe. Ta fita waje ta tsinto ɗan dutse, ta sa shi a ƙarƙashi ta baya, tukunyar ta karkato, bakinta ya fuskanci masu shigowa, baƙin cikinta duk a fili. Sannan ta fita, ta tsallaka titi, ta tsaya gaban shagon mai walda, ta sa hannu ta kare rana tana hange.

"Ƙara karkato ta kaɗan," ta ɗaga murya ta ce wa Dakta. "Ina so mai wucewa ma ya gani."